Saniya Ɗaya a Anzagur

Kafin girgizar ƙasa, agogon mutanen Anzagur shi ne salkar Lalla Mammas. Tun rana ba ta leƙo ta kan dutse ba za ka ji ta, cakal-cakal, cakal-cakal, tana kai da komowa tsakanin sanduna uku a bakin ƙofa. Salkar fatar akuya ce, hayaƙi da shekaru sun mayar da ita baƙa wuluk. In ƙarar ta tsaya, an san mai ya rabu da tsala, sai 'yan mata su fara gangarowa da kwanuka.

Ba a Anzagur aka haifi Mammas ba. Can sama ne, a wani ƙauye inda hanyar alfadari take ƙarewa. Katin shaidarta ya ce shekarunta sittin da huɗu, amma wanda ya rubuta katin fuskarta kawai ya kalla ya kintata. Ba ta taɓa zama a aji ba. Tana 'yar shekara bakwai aka damƙa mata lauje, tun daga ranar kuma bayanta bai huta da damin ciyawa ba, har ta kai ko ba ta ɗauke da komai a ɗan duƙe take tafiya. An kawo ta amarya gidan Idder, ta haifi biyar, ta binne uku tun suna ƙanana. 'Yarta Zayna ta yi aure a Agadir. Bihi, autanta, yana tsaron shagon wani a Kazablanka, sai Babbar Sallah ake ganinsa. Da Idder ya rasu, shekara tara ke nan, gidan ya rage daga ita sai saniya. Daga baya Bihi ya auro Rkiya ya bar ta a wurinta, aka haifi Tuda.

Abin da Mammas ta sani a duniya saniya ce. Ta riƙe shida a rayuwarta, ɗaya bayan ɗaya, tana lissafo su kamar yadda wasu ke lissafo kakanninsu. Ta shidan ita ce Mbarka, 'yar gajera, ja, mai karyayyen ƙaho. Daga warin numfashinta Mammas kan gane abin da ta ci.

A Anzagur ba a sayar da nono. Wadda saniyarta ke tatsuwa takan zuba wa wadda tata ta ƙafe, baɗi a juya. Abu ɗaya ne ba a yi: ba a mayar da kwano wayam. In an zuba miki tsala, ki juye, ki wanke, ki sa wani abu a ciki, ƙwai biyu ne, ko tafin sha'ir, ko busasshen ɓaure. Kuma ba a miƙawa hannu da hannu, wannan ya zama ciniki. Dakon lokacin da mai nonon ba ta nan ake yi, a ajiye, a wuce, ba a faɗa wa kowa.

Daren Juma'ar da aka yi girgizar, haƙori ne ya ceci Tuda. Shekararta ɗaya da wata uku, dasashi na mata ƙaiƙayi, ta hana kowa sakat. Mammas ta ce wa Rkiya, "Kawo ta, 'yata, ki ɗan runtsa. Kin wuni a gona." Ta goya ta, ta zagaya bayan gida wurin bishiyar tuffa, inda ta ɗaure Mbarka kwana biyu saboda wani miki a kofato da take so ya sha iska. Tana tsaye a wurin ƙasa ta yi ruri daga ciki. Da ƙura ta lafa, babu gidan. Washegari da azahar aka tono Rkiya. Mutum ashirin da uku aka jera a maƙabarta ranar Lahadi.

Gidajen Anzagur hawa biyu ne, dabbobi a ƙasa, mutane da abincinsu a sama. Saboda haka abin da ya danne mutane shi ya danne shanu, ya haɗa da sha'ir ɗin bana, da tulunan man zaitun, da harawar da mata suka yi wata uku suna tarawa. Kowane tanderun gurasa ya tsage. Idon ruwan da ake sha ya koma jajir. Cikin shanu goma sha tara, Mbarka kaɗai ta wayi gari. Ɗan maraƙinta yana ciki, bai fito ba.

Mutanen birni sun yi ƙoƙari, wannan babu mai musu. Ana buɗe hanya motoci suka yi ta hawowa, samari da 'yan mata suna sauke kaya suna kuka. Tantuna, barguna, biskit, taliya, kifin gwangwani, sukari, ganyen shayi, madarar gari. Har da takalma masu tsini, waɗanda Ijja, maƙwabciyar Mammas, ta zura ƙafa ɗaya ta zagaya tantuna tana ɗingishi, don dai a samu wanda zai murmusa. Yara suka ci biskit har suka koma jifan juna da shi. Amma babu ganye, babu ƙwai, babu ruwa mai kyau. Ciki yana cika, jiki yana raguwa.

Tuda ba a yaye ta ba. Kwana biyu ta yi tana lalube a ƙirjin kakarta tana tsala ihu, sannan ta daina ihun, wanda ya fi ihun ban tsoro. Aka dama mata madarar gari da ruwan idon nan, sai zawo. Ga saniya a tsaye, amma Mbarka ta riƙe nononta. Saniyar dutse ba ta saki sai ta ji ɗanta a gefe. Hantsarta ta kumbura, in Mammas ta kai hannu sai harbi.

Dadda Hammu, mahaucin ƙauyen, tsoho ne mai ido ɗaya, shi ma a daren ya rasa matarsa. Tun ranar da aka tono maraƙin ya feɗe shi, ba wanda ya sa shi, ya shafe fatar da gishiri. Rana ta huɗu sai ga shi da ita, ya cusa mata tattaka, ya ɗinke, ya yi mata ƙafafu da sanduna. Ya kafa abin a gaban saniyar.

"Ga ɗanki, Mbarka," in ji shi. "Ya rame, kuma ya daina magana. Amma duk haka muke yanzu."

"Haba, Dadda Hammu," in ji Mammas. "Wannan ai ko makaho ba zai ruɗu ba."

"Ni mai ido ɗaya na ruɗu. Barbaɗa masa gishiri a baya ki gani."

Mbarka ta sunsuna, ta ja da baya, ta sake sunsunawa. Sannan ta fara lasa, a hankali, daga wuya zuwa gadon baya. Mammas ta tsuguna, ta jingina goshi a kwiɓinta, ta ja. Nono ya faɗa kwano da ƙara. A nan ne ta yi kukan da ba ta yi a maƙabarta ba.

Bihi ya iso tun ranar jana'iza, da ƙafa daga mararraba. Bayan sadakar bakwai wata nas ta hawo, ta kafa tebur a gindin tuffa. Tana da wani ɗan zare mai faɗi da take zagayawa a damtsen yara, mai launi uku: kore, rawaya, ja. A damtsen Tuda ya tsaya a rawaya, daf da ja. Da yamma Bihi ya samu uwarsa tana tankaɗe ƙasar kango, tana tsince ƙwayar sha'ir.

"Immi, zan tafi da ita wurin Zayna. Dubi hannunta, kamar kara."

"Na gani. Ido biyu gare ni, ni ba Hammu ba ce."

"Can akwai famfo. Akwai asibiti a bakin titi."

"Akwai kuma 'ya'ya huɗu a ɗaki biyu. Wa zai goya ta?" Ba ta ɗago ba. "Rkiya ce ta miƙo mini ita da hannunta, in riƙe mata ta runtsa. Ba ta ce in ba wani ba."

Bihi ya tsuguna kusa da ita. "To, ji nan. In zaren nan ya koma kore, ta zauna. Ranar da ya sake faɗawa rawaya, zan zo in ɗauke ta, kuma ba za ki hana ni ba. Rantse."

"Ba na rantse wa wanda na wanke wa kashi. Na ce na ji."

Ya koma bakin aikinsa. Mammas ta shiga nata. Ta tafasa madara ta ba Tuda da cokali, ta niƙa sha'ir ɗin da ta tsinta a kan dutse, ta dama kunu ta jefa ɗan man shanu. Wata ɗaya da rabi zaren ya koma kore. Tuda ta fara takawa, tana dafa igiyar tanti, kullum kuma wurin maraƙin tattaka ta nufa, ta rungume masa ƙafa tana yi masa gwaranci.

Saniya ɗaya ce, tanti arba'in. Mammas ta tsara abin ba tare da ta yi shawara da kowa ba: Tuda da farko, sai ƙananan yara bakwai, sai masu ciki biyu. Abin da ya saura ta kwantar, ta kaɗa a salkar da aka zaƙulo daga kango, tsofaffi su samu tsala. Cakal-cakal ɗin ya dawo. Mata suka dawo da kwanuka, sai dai yanzu kansu a ƙasa.

"Lalla Mammas, wallahi kunya ta ishe ni," in ji Ijja wata safiya. "Wata biyu ina mayar miki da kwano kamar bakin tsohuwa, ko haƙori ɗaya babu."

"Sa mini takalmin nan mai tsini a ciki."

"Na sa miki biskit, kin aiko mini da shi."

"Nawa ma na rasa inda zan kai shi. Da shi na tokare ƙafar tebur."

"Ke dai wasa kike yi. Mu fa ba mabarata ba ne. Uwata ta mutu ba ta taɓa mayar da kwano haka ba."

"Uwarki ba ta kwana a tanti ba. Miƙo kwanon, ki rage surutu, madara na hucewa."

Mammas ta ɗauki maganar a matsayin bakin Ijja kawai. Ba ta lura cewa wasu sun fara aiko 'ya'yansu ba, don kada su haɗa ido da ita.

Sanyi ya shigo. Ƙanƙara ta sauko daga ƙololuwa zuwa kafaɗar dutse, motoci suka ragu daga goma a rana zuwa ɗaya a mako. Madarar gari ta ƙare, kifin gwangwani ya ƙare, aka koma shayi da taliya. Ita ma Mbarka yunwa ta same ta. Ciyawar bakin rafi ta bushe. Mammas takan bar Tuda wurin Ijja, ta hau dutse ta saro ganyen itace, ta dawo da dami wanda rabinsa ƙaya ne. Haƙarƙarin saniya suka fito, nono ya ragu da kwano guda. Wani dillali ya hawo daga Amizmiz yana sayen abin da ya rage na awaki a araha, ya tsaya yana latsa cinyar Mbarka.

"Lalla, sayar mini tun tana tsaye. Ba za ta ga ƙarshen sanyin nan ba."

"Cire hannunka," in ji ta. "Kai ma ba a ba ka takardar cewa za ka ga ƙarshensa ba."

Cikin watan Disamba wata babbar mota ta iso da buhu talatin na burodin birni, sadakar wasu bayin Allah. Dutse ya zubo ya tare hanya, ta yi kwana huɗu a can, saboda haka burodin ya iso kamar itace. Aka raba wa kowane tanti. Aka jiƙa a shayi, aka jiƙa a ruwan zafi, aka ci har aka gaji, ga shi nan dai tuli. Kuma burodi ba a zubar da shi. Tun yaro yana rarrafe ake koya masa: in ka ga gutsure a ƙasa ka ɗauka, ka sumbata, ka taɓa a goshi, ka ɗora a kan katanga inda ƙafa ba za ta taka ba. Wanda ya bushe kuwa rabon dabbobi ne, kowa ya san haka. Mammas ta fi kowa sani, har ta san iyakarsa: ɗan kaɗan, a cuɗe da tattaka.

Ranar Talata aka aiko cewa nas ba za ta iya hawowa ba, masu yara su sauka mararraba. Mammas ta yi tatsa da sassafe, ta jiƙa burodi a daro, ta dubi haƙarƙarin Mbarka, ta ƙara wani a kai. "Ci, 'yar uwa, yau babu ganye," in ji ta. Dadda Hammu ya ɗora ta a kan alfadarinsa da Tuda a baya, suka gangara.

Zaren ya tsaya a kore, can ciki. Nas ɗin ta sake gwadawa don ta tabbatar.

"Lalla, me kike ba ta? Yaran ƙauyukan can duk sun zube, ita kuwa dubi kumatu."

"Saniya gare mu."

"To ki riƙe saniyar nan da hannu biyu."

A hanyar dawowa Mammas har waƙa ta yi wa Tuda, irin ta masu yankan ciyawa, Dadda Hammu yana cewa ta rufa wa alfadarinsa asiri kada ya faɗa rami.

Da la'asar suka iso. Tun daga nesa ta ga Mbarka a kwance, ba ta ɗago kai ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Mammas ta sauke Tuda ta tsuguna. Saniyar ba ta tuƙa. Cikinta ya tasa ta hagu, in an buga sai ya amsa kamar ganga. Numfashinta tsami yake yi, irin na ƙullun da ya kwana uku. Daron da ta bari ba zai yi wannan ba. Ta zagaya turken tana neman ko wani mugun ganye ne iska ta kawo. Ba ta ga komai ba.

Da safe abin ya ƙaru. Zawo ya ɓarke mata, fari-fari, mai kumfa, ƙafafunta na rawa. Nono ko ɗigo babu. Mata suka iso da kwanuka suka tsaya cirko-cirko.

"Baki ne," in ji wata. "Dillalin nan ne, tun da ya latsa ta."

"Ai ba yunwa ba ce dai," in ji Ijja. "Jiya ta ci ta ƙoshi." Sai ta kama bakinta.

Mammas ta juyo. "Me ta ci?"

"Ba komai. Ɗan burodi ne."

"Ijja. Nawa?"

"Daro ɗaya. Babban nan na wanki." Ta ɗaga murya. "To me? Wata uku jikana yana shan nononta! Na ga ba kya nan, na ce yau dai Allah ya ba ni abin sawa a kwano. Kin ga yadda ta cinye? Har tana lasar hannuna."

Can sai ɗaya daga masu cikin nan ta ce, da ƙyar ake jin ta, "Ni ma na kawo. Da hantsi. Ban ga kowa ba."

"Ni da azahar."

"Ni na aiko 'yata da rabin buhu."

"Ni na leƙo na ga Ijja, sai na koma na jira ta tafi."

Ɗaya bayan ɗaya suka faɗa. Kowace ta yi dako sai da wurin ya zama babu kowa, kamar yadda aka koya mata, ta juye, ta kwashe daronta, ta wuce tana jin daɗi. Mammas tana ƙirgawa da yatsu. Da yatsun suka ƙare ta daina.

Ijja ta zube a ƙasa ta kama ƙafarta. "Ki zage ni, Lalla. Ki mare ni. Don Allah ki ce wani abu."

Mammas ta janye ƙafarta. "Tashi," in ji ta. "Ni na fara ba ta. Har na ƙara mata."

An yi abin da aka sani. Aka ɗura mata man zaitun, kowane tanti ya kawo ɗan abin da ya ɓoye a kwalba. Aka daka gawayi aka ɗura. Maza shida suka ɗaga ta suka zagaya da ita turke sau biyu, ta sake durƙushewa. Dadda Hammu ya hau kan dutsen da ake samun waya, ya kira likitan dabbobi. Likitan ya tambayi daro nawa, da aka faɗa masa sai ya ce hanya ba za ta bar shi ya iso kafin Juma'a ba, kuma shi ba ya jin za ta kai.

Ranar Alhamis da hantsi Mbarka ta miƙe wuya a ƙasa, kunnuwanta suka yi sanyi. Dadda Hammu ya zo ya tsaya, hannunsa a cikin riga.

"Lalla Mammas, in muka ƙara jira, karnuka za mu ba."

"Na sani."

"Shiga tanti."

"A'a. Ba ta saba da hannun wani a kanta ba."

Ta zauna ta ɗora kan saniyar a cinya, tana sosa mata gindin karyayyen ƙahon, har ya ce ta matsa. Kafin ya sa wuƙa ta ce a kawar da maraƙin tattaka, kada ya gani. Babu wanda ya yi dariya. Ijja ta ɗauke shi ta kai bayan tanti.

Aka yi watanda a kan ledar tanti, kashi arba'in daidai, kowane kashi da tsoka da ƙashi da ɗan hanta. Mammas ta ce ba sayarwa take yi ba, kada wanda ya kawo mata maganar kuɗi. Ran nan Anzagur ta yi ƙamshin nama, karo na farko tun girgizar. Yara suka yi ta murna, suna tsotsar ƙashi, maiƙo har gwiwar hannu. Manya suka ci a cikin tantuna, kowa ya juya wa ƙofa baya. Mammas ta dafa nata ta ba Tuda romo da cokali. Ita ba ta kai bakinta ba.

Nama kwana huɗu ya yi. Daga nan aka koma shayi da taliya, da burodin da har yanzu bai ƙare ba. Sha'ir ɗin kango ya ƙare tun tuni. Tuda takan karɓi cokali biyu ta kau da kai. Da safe takan ja kakarta zuwa turke, ta nuna wurin da yatsa, ta dubi fuskarta. Tari ya kama ta. Mata suka yi ta kawo abin da suke da shi, wannan ƙwai ɗaya da ta samo daga ƙauyen ƙasa, waccan cokalin zuma, kuma yanzu hannu da hannu suke miƙawa, a gaban kowa, suna faɗin ko mene ne. Bai isa ba.

Bayan mako uku nas ta hawo. Ta zagaya zaren, ta ja, ta sassauta, ta sake ja. Ta rubuta wani abu a takarda. Mammas ba ta iya karatu ba, amma ta san launi.

"Ba sai an gaya wa Bihi ba," in ji Ijja a hanya, tana raɗa. "Wa zai faɗa masa? Ni dai an ɗinke bakina. Nan da wata biyu ciyawa ta fito, awakin Hammu su haihu..."

"Wata biyu," in ji Mammas. Ta gyara goyon. Yarinyar ba ta da nauyi, kamar damin da aka zare wa rabi. Ta san wannan rashin nauyin, sau uku ta taɓa jin sa a bayanta.

Ba ta shiga tanti ba. Ta wuce kai tsaye ta hau dutsen waya, ta sa wata yarinya ta danna mata lambar.

"Bihi, ni ce. Ya koma rawaya. Ka zo."

Ranar Asabar ya iso. Mammas ta haɗa kayan Tuda a ɗankwalin Rkiya: riga uku, hula, da cokalin da take ba ta abinci. Ta raka su har bakin hanya tana faɗa masa abubuwa. A gaya wa Zayna ta tafasa madara ko da ta kwali ce. Ba ta son kunu da zafi. In tana kuka a goya ta a fita waje, iska take so.

"Immi, ki zo mu tafi tare. Me ya rage miki a nan?"

"In kowa ya tafi, wa zai share kabarin matarka?"

"In sanyi ya wuce zan nemo miki karsana."

"Karsana sai ta shekara biyu kafin ta ba da nono. Lokacin Tuda ta manta harshenmu." Ta kwance goyon da kanta. "Karɓe ta da sauri, tun tana barci."

Ta tsaya har ƙarar motar ta ɓace a kwana ta uku. Sannan ta juyo, a duƙe kamar kullum, ko da yake babu komai a bayanta.

Yanzu safiya a Anzagur shiru take. Salkar tana rataye a cikin tanti, Mammas kan shafe ta da ɗan mai duk Juma'a don kada ta tsage. Ijja takan zo ta zauna kusa da ita, ta rage surutu sosai. Zayna ta aiko da hoto a waya, Tuda a cikin wata riga mai ruwan hoda, kumatun sun fara dawowa. Mammas ta kalla, ta ce alhamdu lillahi, ta ce a sake nuna mata.

Ranar da ta dawo daga rakiyar, a kan hanyar tantuna, ta ga wani gutsuren burodin nan a cikin taɓo, wani yaro ya yar. Ta tsaya a kansa. Ijja, da ke biye da ita a nesa, ta ce ta daɗe a tsaye, har ta zaci wucewa za ta yi. Sai ta ga ta sunkuya ta ɗauka, ta goge shi da bakin zane, ta sumbata, ta taɓa a goshi. Ta duba dama da hagu, babu katangar da ta rage a tsaye. Ta ɗora shi a kan turken Mbarka, ta shiga tanti.